Ƙanzon Kawu

"Sake faɗa in ji! Sake faɗa mana, ɗan zaki, kunnena ya tsufa!"

Ncube ne, mai dafa abincin zangonmu, yake wannan ihu, muciya a hannu, yana nuna surukinsa da ita kamar shi zai tuƙa. Surukin kuwa, Bekithemba Sibanda, mai gadin daji, ƙato ne wanda in ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Amma ga shi tsugune kusa da murhu, hula a hannu, ido a ƙasa. Bindigarsa ma a waje ya jingine ta, don ba a shiga gaban suruki da makami.

"Baba, ba ni na yanke ba. Daga ofis aka ce..."

"Ofis! Ofis ne ya ba ka 'yata? Ranar da kuka zo kuna jan gwiwa a ƙofar gidana, ofis kuka tarar a ciki? Yau kai ne za ka buɗe baki ka ce mini za ka harbe Kawu?"

"Ya ƙwace burodi a hannun baƙuwa, Baba. Ya buɗe mata haƙora."

"Murmushi ya yi mata!"

Nan dariya ta kufce mini, na toshe baki da rigar matashin kai. Ina ɗakin wanki ne, bango ɗaya ya raba mu da kicin, bangon kuma bai kai rufi ba. Wanda ya yi wannan gini Allah ya yi masa albarka, domin da ya ƙarasa shi da tuni kaɗaici ya kashe ni. Ni ce MaNyathi, yara suna ce mini Gogo, wato kaka. Tun manajarmu ba ta san hanci na da rami ba nake wanke zannuwan gadon baƙi a wannan zango na masu yawon buɗe ido da ke cikin gandun dajin Hwange. Mutane suna cewa bakina ba ya riƙe ruwa. Ƙarya suke yi mini. Magana ce kawai ba ya riƙewa.

Kowa dai da dabbar gidansu. Ni ɓauna ce tamu, ba na cin namanta ko yunwa za ta kwantar da ni, kada haƙorana su zube. Sun zube ɗin duk da haka, amma wannan laifin sukari ne. Su Sibanda zaki ne nasu. Su Ncube kuwa biri, kuma Ncube namu ya riƙe abin da hannu biyu fiye da duk wani Ncube da na sani.

Shekarar da matarsa ta rasu aka yi fari mai tsanani, har giwaye suna ture juna a bakin tafkin da injin ruwa yake cikawa a gaban ɗakunan baƙi. A wannan shekara ce wani tsohon gwaggon biri ya zo ya zauna kan guntuwar katangar bayan kicin. Wani matashi ne ya ƙwace masa garke da mata, ya tsaga masa kunne, ya kore shi. Ncube ya fito zubar da ruwan wanke-wanke ya gan shi. Tsoho ya kalli tsoho. Shi ke nan.

Tun daga ranar, kullum da la'asar in ma'aikata sun gama cin tuwo, sai Ncube ya kankare ƙanzon tukunya ya zuba a wani shuɗin kwano mai ɓallen baki, kwanon da matarsa take shan shayi da shi. Ya fito ya ajiye a gindin katanga, ya zauna kan kututture, ya kumbura tafin hannu ya tafa a hankali yadda ake gaida manya, yana yi masa kirarin gidansu. "Sannu mai gidan dutse. Sannu wanda bai yi shuka ba ya riga mai gona girbi." Akwai sauran baitoci, amma yana sauke murya idan ya zo kansu, kuma duk ƙoƙarin kunnena ban taɓa kama su ba, don na 'yan gida ne. Biri ya sauko ya ci, shi kuma ya yi ta ba shi labari: tsadar man girki, ciwon gwiwa, abin da marigayiya za ta ce da ta ga yadda ake yanka albasa yanzu. Ya raɗa masa suna Kawu. Ƙofar bayan kicin kuwa ya tokare ta da dutse, ba ta ƙara rufuwa ba, wai kada Kawu ya zo ya ga an rufe masa gida.

To ga alluna ko'ina a zangon, da Turanci da harshenmu, har da hoton hannu da ayaba an ja masa jan layi: kada a ba dabbobi abinci. Kuma wa yake tara baƙi da safe yana yi musu wannan wa'azi kafin su hau mota? Surukin nasa Bekithemba, wanda muke kira Beki. Shi yake ce musu duk dabbar da ta ci daga hannun mutum, ƙarshenta harsashi. Ya iya faɗa, har matan Turawa suna dafe ƙirji. Amma da la'asar ta yi, sai ka ga Beki ya zagaya ta bayan garejin motoci, doguwar hanya cikin rana, don kada idonsa ya faɗa kan katangar nan. Yaya za a yi ya tsawata wa wanda ya ba shi mata? Mijin 'ya ba ya ɗaga murya a gidan surukai, ba ya ma zama kan kujera sai an ce ya zauna. Shekara da shekaru yana zagaye.

Ni na faɗa. Na sha leƙawa ta taga in ce, "Ncube, kai da ɗan'uwanka wa ya fi wani kyau? Wata rana zai shigo ya karɓi aikinka." Sai ya ce, "Ɓauna, koma cikin taɓonki." A yi dariya. Wanda ya saba da wasa, ko gobara ya yi wa ihu sai a ce ya iya ban dariya.

Kawu ya fara da kwano, ya koma bakin ƙofa, ya koma kan teburin kicin. Daga nan ya lura da yadda ake danna hannun ƙofa. Wata safiya, baƙi suna can bakin tafki suna ɗaukar hoton jakunan dawa, ya shiga ɗakinsu ya buɗe firij, ya shanye madara, ya lashe sukari, ya hau gado ya huta, ya kuma bar musu tsaraba a tsakiyar farin zani. Ni na wanke, don haka kada wani ya yi mini gardama. Bayan wannan ne ya tare wata baƙuwa a hanyar ɗakin cin abinci ya karɓe burodinta. Manajarmu MaDube ta kai ƙara ofishin masu gadin daji, ofis kuma, don rashin tausayi ko rashin sani, ya ɗora aikin a kan Beki.

Rigimar ranar nan a kicin ba ta lafa ba sai da Nomalanga ta shigo. Ita ce 'yar Ncube tilo, matar Beki, tana aiki a teburin karɓar baƙi, a lokacin cikinta ya fara fitowa. Ta durƙusa tsakaninsu.

"Baba, don Allah ajiye muciyar nan. Beki, kai ma ka ce wani abu mana, ka zauna kamar an dasa ka."

"Me zai ce? Zaki ya ga nama."

"Zan roƙe su," in ji Beki, har yanzu bai ɗaga kai ba. "A kama shi da keji, in kai shi can nesa wajen iyaka in sake shi. Amma Baba, in an yarda, kwanon nan..."

"Ka ji shi, Noma? A kicin ɗina yake kafa mini doka."

"Ba doka ba ce, Baba, roƙo ne. Ka yi alkawari."

Ncube ya daɗe yana huci. Can ya ce, "Na yi. Ba zan ƙara ba biri abinci ba."

Aka kawo keji aka zuba lemo da kabewa. Kawu ya shiga da kansa kamar mai shiga motar haya. Beki ya tuƙa shi yini guda cikin rairayi ya sake shi kusa da wani tafki. Ncube ya kife shuɗin kwano a saman kanta. Dutsen ƙofa dai bai ɗauke shi ba. Abincinsa ya canza a waɗannan makonni, gishiri yau ya yi yawa, gobe babu. Da la'asar sai ya fito ya zauna kan kututture ba ya magana da kowa. Na gwada zolayarsa, bai ko ce mini ɓauna ba, abin ya ba ni tsoro.

Ana cikin zafin nan na gab da damina, lokacin da injin ruwa yake bugawa tun safe har yamma, ina shanya, sai na ga wani abu kamar tsohon buhu a kan katanga. Kawu ne. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, tafin ƙafarsa ya tsattsage, gashin kafaɗarsa ya zube. Ta ina ya biyo, yaya ya wuce zakuna da kuraye, Allah kaɗai ya sani. Bai shiga ko'ina ba, bai taɓa komai ba. Ya zauna ya zuba wa ƙofar kicin ido.

Ncube ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi ko a gaban alƙali. Ya kwana biyu yana fita ta ƙofar gaba. Yana kankare ƙanzo ya zuba a shara. Biri kuwa yana nan, rana ta dake shi, bai motsa ba. A rana ta uku na ji ƙarar kwano an sauke shi daga kanta. Na leƙa.

"Ncube, alkawari fa?"

"Na ce ba zan ba biri abinci ba. Wannan baƙo ne, ya yi tafiya mai nisa. Uwarki ta koya miki barin baƙo da yunwa?"

Na koma kan wankina. Na ji tafi, na ji kirari, na kuma ji muryar tsoho tana karyewa a tsakiya.

Sabo turken wawa. Kawu ya murmure, ya koma halinsa, kuma wannan karon da 'yan makaranta, wasu ƙananan birai suna binsa suna koyon danna ƙofa. Wata safiya wata yarinya 'yar baƙi tana riƙe da mangwaro a barandar cin abinci, ya miƙa hannu, ta ƙi saki. Ya yakushe ta a damtse. Raunin bai yi zurfi ba, amma jini jini ne, uwar ta yi ihun da giwayen bakin tafki suka ɗaga kai.

Yanzu babu batun keji. Kawu ma ba zai sake shiga ba, ya zauna a samansa ya zaro lemon ta tsakanin ƙarafa ya ci. Masu gadi suka yi ta fakonsa, amma ya san koren kaki kamar yadda na san zanin da aka sha giya a kai. Da ya hango shi sai ya haye duwatsun bayan zango ya ɓace. Farar riga kaɗai yake saukowa wa. Aka ce wa Ncube ya kira shi, ya ce sai dai su fara harbe shi kansa tukuna. Ofis ya aiko cewa in ba a samu tsohon birin ba, za a bi duk biran da suke shigowa zango.

MaDube ta kira Noma, ba a ofis ba, a ɗakin ajiyar zannuwa, tana ganin nan ne babu kunne. Ina bayan tulin tawul. Ta ce mata ta gaji, masu zangon sun ce ko biri ko mai ciyar da biri, ɗaya zai tafi kafin wata ya mutu. Noma ta yi ta kuka. Ubanta ba shi da inda za shi, ɗakinsa na ƙauye ya rushe tun rasuwar uwarta, rayuwarsa duka tsakanin murhun nan ne da ɗan ɗakinsa na rukunin ma'aikata.

Ranar Lahadi Ncube ba ya aiki. Yana bin motar cefane zuwa garin Dete ya je coci, ya sha shayi da tsofaffin abokansa, ya dawo da yamma. Wannan Lahadin na wanke fararen rigunan kicin na shanya, na shiga guga. Da na fito da la'asar sai na ga gurbi a igiya, rigar Ncube babu, hularsa babu. Na ɗauka ma Kawu ne ya fara sa kaya. Na zagaya nema ta bayan tankin ruwa, sai na tsaya cak.

Ga Ncube a kan kututture, ya ba duwatsu gefe, shuɗin kwano a gindin katanga. Sai dai wannan Ncube ya ninka namu biyu, rigar ta ɗame shi, kafaɗa kamar za ta fashe. Ya kumbura tafin hannu ya tafa. Ya fara, da murya mai kauri da yake ƙoƙarin siranta ta: "Sannu mai gidan dutse." Ya yi baitin farko, ya yi na biyu, sannan ya sauke murya ya shiga baitocin nan da ban taɓa kamawa ba.

Kawu ya sauko daga dutse. Ya tsaya daga nesa, ya karkata tsagaggen kunnensa. Biri ba wawa ba ne, ya daɗe yana kallo, har na ce a raina zai juya. Amma riga ita ce, kwano shi ne, kalmomin kuma babu wanda ya taɓa faɗa masa su sai mutum ɗaya. Ya matso, ya zauna, ya miƙa hannu cikin kwano. Daga bayan tarin itace abokin aikin Beki ya harba sau ɗaya.

Tsuntsaye suka tashi. Daga teburin karɓar baƙi na ji an ƙure muryar rediyo. Beki bai tashi daga kututturen ba sai da abokinsa ya zo ya dafa shi.

Beki ya kawo mini rigar da kansa, ya naɗe ta kamar mai kawo likkafani. "Gogo, ki rufa mini asiri." Akwai ɗigon jini a hannun riga, ɗinkin kafaɗa kuma ya ɓarke. Na jiƙa ta a ruwan sanyi da gishiri, na bi da sabulu, ta fita fes. Kafaɗar na ɗinke da zaren da na samu, da idon da ya rage mini. Noma ta wanke kwano ta mayar kan kanta. Ita da Beki suka shirya cewa a kan dutse aka samu Kawu, daga nesa.

Da Ncube ya dawo, Beki ya je ya tsugunna ya faɗa masa haka. Mun zaci za a yi tashin duniya. Sai tsoho ya tambaya ko Kawu ya sha wahala. Aka ce a'a. Ya gyaɗa kai ya ce, "Aikinka ne, surukina. Tashi." Ya fita bayan kicin ya barbaɗa ɗan garin taba a gindin katanga, ya yi 'yar magana a hankali, ya tafi ɗakinsa. Noma ta riƙe hannuna tana cewa an tsira.

Da a ce nan abin ya tsaya! Yaron da ke cikin Noma a lokacin, yanzu yana gudu yana bin kaji a rukunin ma'aikata, kunnuwansa na kakansa sak, kuma kakan bai taɓa ɗaukarsa ba. Kakan yana can Dete yana soya wainar fulawa a bakin tasha. Duk wata Noma tana aika masa saƙo da direban cefane, saƙon yana dawowa yadda ya tafi.

Washegarin Lahadin nan da safe ina guga na ji ya shigo kicin, na ji ya ɗauki riga daga ƙusa. Sai na ji an taɓa kwano a kanta. Shi kifewa yake yi, Noma kuwa a buɗe ta ajiye.

"MaNyathi," ya kira ta saman bango. Bai ce ɓauna ba. "Rigata ta buɗe a kafaɗa. Ga kuma ɗinki da baƙin zare. Wa ya sa ta?"

Ni da nake da amsar kowace tambaya tun kafin a gama yinta, ni da na taɓa ƙirƙiro wa wani direba mata biyu a garin da bai taɓa zuwa ba, ranar ƙarya ɗaya ta gagare ni. Na buɗe baki, babu komai a ciki. Dutsen guga yana ƙona zani ina kallo. Shekara nawa muna maƙwabtaka da bangon nan bai taɓa jin na yi shiru ba.

"To," in ji shi. "Na ji."

Ya aika aka kira su. Beki ya shigo ya tsugunna, Noma ta tsaya jikin tebur tana riƙe da ciki.

"Harsashi na yafe tun jiya," in ji Ncube, murya ƙasa-ƙasa, ta fi ihun nan ban tsoro. "Mai bindiga harbi ne aikinsa. Amma ka sa rigata? Ka ɗauki kwanon matata?"

"Baba, ba ni na harba ba..."

"Da ma kai ka harba! Da ka tsaya da koren kakinka ka harbe shi yana gudu, da ya mutu ya san maƙiyinsa. Tafa masa ka yi. Ka gaishe shi. Ya mutu yana zaton ni ne."

Beki ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Kuma tafi kaɗai ba ya sauko da shi, na sani, yaran kicin sun sha gwadawa. Me ka ce masa?"

Beki ya murza hular da ke hannunsa.

"Ina tambayarka, ɗan zaki. Ba a koyar da kirarin gidanmu a makarantar bindiga. Ɓaunar nan ta bayan bango ta yi shekaru tana kasa kunne ba ta samu ba. A ina ka samo?"

Bai jira ba. Ya juya ya dubi 'yarsa, wadda ya koya wa baitocin nan tana kan cinyarsa.

"Baba, korarka za su yi," in ji Noma, hawaye na bin kumatunta. "Ina za ka je? Me za ka ci? Kuma ƙananan fa, duk za a harbe su. Na zaɓe ka ne, Baba. Kai na zaɓa."

"Sannu da zaɓe, 'yar Ncube."

Ya cire hular ya ajiye. Ya ɓalle maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya, ya ninke ta da kyau, ɗinkin nan a sama, ya ɗora kan tebur kusa da albasar da bai gama yankawa ba. Ya miƙa hannu ya ɗauko shuɗin kwano ya sa a hammata.

"Ku gaya wa MaDube ta huta, biri da mai ciyar da biri duk sun tafi."

"Baba, tsaya! Baba!"

Ya nufi ƙofar baya. Dutsen nan da ya tokare ta shekara da shekaru har ya yi wa kansa gurbi a ƙasa, sai da ya sa ƙafa sau biyu kafin ya gusa. Ya fita, ya jawo ƙofar da dukan ƙarfinsa ya buga, har ludayoyin da ke rataye a bango suka zubo.